Shayin Alfari da Rigar Sarjan Hamani

Ni tela ne. Shekara talatin na yi ina auna cikin mutanen Gaya da igiyar awo, saboda haka in ana maganar ƙiba a garin nan, ni ya kamata a fara tambaya. Amma a daminar da zan ba ku labarinta, tun ba a gina gadar Malanbil ba, lokacin da motoci ke kwana bakin kogi suna jiran jirgin fito, ba wanda ya tambaye ni. Alfari aka tambaya, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Alfarin nan ɗan ƙanwar wani tsohon sojan Faransa ne, Sarjan Hamani. Ya bi wata kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Ankara a matsayin karen mota, ya yi wata bakwai ba labarinsa. Ranar da ya dawo, sai ga shi da malafar Turawa, da baƙin tabarau mai tsagaggen ido ɗaya, da akwatin ƙarfe a ka. Bai ko je gida ya gai da uwarsa ba, rumfata ya fara yada zango, don ya san nan ne masu zaman banza ke taruwa.

"Ku matsa, ku matsa," in ji shi. "Wakilin kamfani ya iso. Daga nan har Junju, har Zabori, har Tunuga, duk ƙasar Dendi hannuna aka damƙa ta."

Ya buɗe akwati. Ƙunshi-ƙunshi ne na wani ganye cikin rawayar takarda, sai wasu faffaɗan ɗamaru na baƙar roba masu ƙugiyoyi. Ya ce wannan shayin rage ƙiba ne, ba a saida shi a kanti, ba a saida shi a kasuwa, sai gida-gida, baki da baki. Wanda duk ya sayi ƙunshi uku shi ma ya zama wakili, sai ya nemo wasu su sayi uku-uku, su ma su nemo wasu. Ya ce kafin kaka zai sayi kamiyo tasa ta kansa, ya rubuta sunansa a goshinta.

Daga nan ya zaro wata takarda mai hoto biyu. A ɗaya, wani Bature ne ƙosasshe, kumatu cike, tumbi a gaba. A ɗayan, shi ne dai, amma ya zama tsinke, wandonsa na neman faɗuwa.

Jama'a suka yi cincirindo. Wani tsohon masunci ya daɗe yana kallon hoto na biyu, sannan ya girgiza kai.

"Allah sarki, bawan Allah. Mi ya same shi?"

"Shayin ga ya sha," in ji Alfari da alfahari.

"To ya warke daga baya?"

"Baba, ai wanga shi ne warkewar!"

"Iyalinai sun kai ƙara?"

Aka fashe da dariya. Alfari ya naɗe takardarsa ya ce mutanen Gaya ba su waye ba, amma zai wayar da su ko suna so ko ba sa so.

Washegari ya fara shiga gida-gida. Don rashin sa'a ya fara da gidan Barira mai busasshen kifi. Barira kuwa ita ce ta riƙe kambun hangandi shekara uku a jere. Hangandi, ga wanda bai sani ba, al'adar matanmu ce: su yi makonni suna ɗura dambu da fura da madara, sannan su taru rana guda da kiɗa a zaɓi wadda ta fi kowa cika ido. Barira in ta zauna a tabarma, tabarmar ba ta da sauran wurin baƙo.

"Inna Barira," in ji Alfari, "gaskiya kin yi ƙiba da yawa."

"Madalla da ɗana! Allah shi yi maka albarka." Ta zaɓo babban kifi ta miƙa masa tukuici.

"Ina da maganin da zai kwashe ta duka cikin wata ɗaya."

Barira ta fizge kifinta, ta ɗauki muciya. Alfari ya fito ta kan darni, malafarsa ta biyo shi daga baya. Kwana shida yana yawo, gida arba'in ya shiga, bai saida ko ƙunshi ɗaya ba. Da an bar shi haka, da ganyen ya ruɓe a akwati kowa ya huta. Sai ga takarda daga bariki.

Takardar ta Sarjan Hamani ce. Lambar girman da aka yi masa alkawari tun a fagen yaƙi, shekara goma sha ɗaya ke nan, ta iso. Kumandan, Baturen da ke mulkin Gaya, zai maƙala masa ita ranar sha huɗu ga Yuli, ranar sallar Faransa, a gaban tuta, kuma an ce ya zo cikin kakinsa na soja.

Da hantsi Sarjan ya zo rumfata da rigar a naɗe cikin zane, matarsa Hajo na biye. Ni da shi tare muka yi wasan ƙasa, don haka ba ma raga wa juna. Ya zura hannuwa da kyar. Na ja gaban rigar iyakar ƙarfina, na auna abin da ya rage tsakanin maɓalli da kafarsa: taƙi ɗaya da yatsu huɗu.

"Hamani," na ce, "wanda ya sa rigar ga ya tahi yaƙi, kai ka cinye shi. Kawo in farke bayanta in ƙara ƙyalle. Ina da kaki irin nata sak. Kafin la'asar ka gama."

"Jibo, in almakashinka ya taɓa ta, ni da kai har abada."

Na san dalili, don haka ban yi gardama sosai ba. Su biyar aka ɗiba daga Gaya aka sa a jirgin ruwa, shi kaɗai ya dawo, kuma cikin rigar nan ya dawo. Maɓallanta biyar ne na tagulla, kowanne ya sa masa suna. In zai ɓalla su sai ya kira: Alasan, Mahamadu, Yakuba, Sha'aibu, na ƙarshe a kan cibiya ya ce, "Sai ni." Yana so su biyar ɗin su tsaya gaban tuta tare, kowane maɓalli a kafarsa, kamar yadda suka tafi. Raina ya sosu.

Ana cikin haka ne Alfari ya sako kai.

"Kawu! Ƙyalle? A rigar gwamnati? Wanga aikin mutanen da ne. Kwana nawa ya rage?"

"Ashirin da takwas."

"Ya yi yawa ma. Cikin ashirin zan maida ka yadda ka sauko daga jirgi. Sai dai Malam Jibo ya rage maka rigar, in ta yi maka yawa."

Hajo ta ce, "Alfari, kai da ko zazzaɓin akuya ba ka taɓa warkarwa ba?"

"Inna, akuya ba ta da kamfani."

Sarjan ya dube ni, ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya naɗe rigarsa. Haka aka bar gwanin shekara talatin aka bi karen mota.

Aka fara da awo. Alfari ya kai kawunsa kantin sayen gyada, ya ɗora shi kan ma'auni a gaban jama'a, aka samu kilo ɗari da huɗu. Sannan ya zaro takardar bayanin magani. Da Ingilishi aka rubuta ta. Malamin lakkol, wato makarantar boko, ya juya ta ya ce shi Faransanci ya sani, don haka ba mai ƙaryata Alfari. Ya gyara tabarau ya yi ta bin layi da yatsa, ni kuwa na lura hoton butar shayin da ke jikin takardar kansa a ƙasa yake.

"Ta ce a sha safe da yamma. Ta ce da yake shina da ɗaci, a sa madara da sukari ƙwaya shida. Ta ce kada a bar ciki wayam, don magani ba shi aiki cikin kango."

"Ba ta ce a rage tuwo ba?" in ji Hajo.

"Inna, in da rage tuwo ne, mi za a yi da kamfani?"

Shayin nan, gaskiya, yana da aiki guda ɗaya da ya iya. Rabin sa'a bayan an sha, sai ka ga Sarjan ya wuce da buta da saurin da bai yi ba tun barin soja. In ya dawo kuwa, yunwa ta buɗe masa ciki, sai ya zauna ya share tuwon shinkafa da miyar kifi, ya bi da fura, ya kawo rake ya tsotse sanda biyu. Ɗamarar roba kuma sai mutum biyu sun taru suke ɗaura masa ita. Cikin zafin damina ta feso masa ƙuraje, har ya zama in yana tafiya sai ya tsaya ya goga bayansa a jikin giginya.

Bayan mako ɗaya aka koma ma'auni. Ɗari da bakwai.

"Madalla!" in ji Alfari, tun kafin kowa ya buɗe baki. "Haka ake so. Kitsen ya narke ya zama ruwa, ruwa kuwa ya fi kitse nauyi. Wa bai san haka ba?"

Mako na biyu, ɗari da goma.

"Kawu, kada ka damu. Ka ga yadda mutane ke taruwa bakin jirgin fito kafin su ƙetare? Haka kitsen ya taru bakin ƙofa. Rana ɗaya zai fita gaba ɗaya."

Na ce, "In ya tashi fita a gaya mana, mu kauce."

"Malam Jibo, hassada ba ta ɗinka riga."

To, ashe duk abin nan matan gari suna kallo. Sun ga wuyan Sarjan ya ƙara ninki, kumatunsa na sheƙi, ga hangandi saura mako biyu, don an sa shi washegarin sallar Faransa. Ranar wata Laraba sai ga Barira da kanta a ƙofar gidan Sarjan, ba muciya, da kifi biyu a faifai.

"Ɗana Alfari, abin da ya wuce ya wuce. Maganin da kake ba kawunka nike so."

Mutumin kirki da sai ya ce mata ba na ƙiba ba ne. Alfari ko ƙifta ido bai yi ba.

"Inna Barira, kin zo wurin da ya dace. Shayin ga hanya biyu gare shi. In an sha shi a tsaye, shina ragewa. In an sha shi a zaune, shina ƙarawa."

Hajo tana bakin murhu, ta saki ludayi.

"Kai Alfari! Kawunka ai a zaune yake sha tun ran farko!"

Alfari ya dafe kai. "To ga matsalar! Inna, don mi ba ki faɗa mini ba tun wuri? Kin ɓata mana mako biyu!"

Daga ranar Sarjan ya koma shan shayi a tsaye, ƙafafu a haɗe, ƙirji a gaba, kamar yana gaban janar. Barira kuwa ta sayi ƙunshi uku ta zama wakiliya. Ta kawo Zeinabu matar mai jirgin fito, Zeinabu ta kawo ƙannenta, ƙannenta suka kai shi Tunuga cikin kwalekwale, wata ta aika wa surukarta a Zabori. Cikin kwana huɗu akwatin Alfari ya kusa zama wayam. Ya sayi sabuwar malafa, ya fara tsayawa a tasha yana buga tayoyin kamiyon mutane da ƙafa yana tambayar shekarunsu.

Sai dai matan nan, da yake suna gaggawa, ba su tsaya wasa da madara da sukari ba. Ƙunshi guda suke juyewa a tukunya, su dafa shi baƙi ƙirin, su zauna daram a tabarma su shanye. Zaman ba ya daɗewa. Unguwa ta koma ba ka jin komai sai ƙarar butoci da "Wa ke ciki? Yi sauri!" Dambu ya ƙi zama a cikin kowa. Da suka kai kuka, Alfari ya ce ai tsohon kitse ne ke fita don sabo ya samu wuri, su ƙara yawan ganyen. Suka ƙara.

Ana saura kwana uku, Barira ta wuce gaban rumfata. Wallahi sai da na dube ta sau biyu. Ninkin wuyanta uku da ake yi wa kirari sun koma ɗaya da rabi, zanenta ya zagaya ta har ya yi saura. Ba ta yi mini magana ba, ta dai tambayi wani ko ya ga Alfari. Alfari kuwa ya riga ya tare a gidan kawunsa, wai yana sa ido kan magani.

Ni dai na yi nawa shirin. Na yanka ƙyallen kakina taƙi ɗaya da yatsu takwas, na naɗe na sa a aljihu tare da allura da zare.

Ranar sallar Faransa, tun da sassafe aka aiko in zo in taimaka. Na tarar da Sarjan tsaye tsakar gida daga shi sai wando, an ce ma'aunin jiya ya nuna ɗari da goma sha biyu. Alfari ya fito da ɗamarar roba biyu.

"Yau kitsen zai ji kunya," in ji shi. "Kawu, fitar da numfashi duka. Duka, Kawu! Kada ka ɓoye wani."

Ƙarti huɗu daga masu dako aka ɗauko. Biyu na ja ta nan, biyu ta can, Alfari ya sa ƙafa a gindin bayan kawunsa yana ba da umarni. Aka maƙala ta farko, aka ɗora ta biyu a kanta. Tumbin ya rasa inda za shi, rabi ya hau ƙirji, rabi ya gangara. Aka zura rigar. Abin mamaki, maɓallan suka shiga. Sarjan ya so ya kira sunayen mutanensa kamar kullum, amma ba iskar da zai kira su da ita, leɓensa kawai ke motsi.

"Kun gani?" Alfari ya daka tsalle. "Malam Jibo, ina almakashinka? Ka gani da idonka?"

"Na gani. Shina iya zama?"

"Soja ba shi zama."

"Shina iya numfashi?"

"Kaɗan-kaɗan ya isa. Sa'a ɗaya ce."

Haka aka taho da Sarjan filin bariki, yana tafiya sanƙarau, hannuwa a buɗe, idanu sun firfito. Alfari na gaba yana ɗaga takardar nan mai hoto biyu yana shela: "Ku dubi aikin kamfani! Wanda bai saya ba ya yi asara!" Filin ya cika maƙil, ga 'yan lakkol da tutoci, ga gardawa, masu gadin bariki, a jere, ɗayansu riƙe da begila. An yi ruwa da asuba, ƙasa duk caɓi. Can gefe guda na hango mata kusan ashirin tsaye, zannuwansu sun yi musu yawa, Barira a gaba, kowace da abu a bayanta.

Kumandan ya yi jawabi. Tafinta ya maida shi harshen Dendi, ya sake maida shi Hausa. Sarjan ya koma launin gauta. Ina jin wani ɗan ƙara na fitowa daga cikin rigarsa, ƙiiit, ƙiiit, duk lokacin da ya saci numfashi. Alfari ya raɗa mini cewa kitsen ne ke kuka.

Sannan aka kira suna: "Sarjan Hamani!"

Tsohon soja in an kira sunansa ba ya amsawa da raɗa. Shekara goma sha ɗaya yana jiran wannan kiran. Ya manta da roba, ya manta da Alfari, ya buga ƙafa, ya ja iska cike da ƙirji don ya amsa.

Tau!

Ɗamara ta farko ta tsinke, ta biyu ta bi ta. Tumbi ya dawo gida gaba ɗaya. Maɓallai biyar suka tashi kamar an harba su. Ɗaya ya bugi hular Kumandan ta faɗa caɓi, ɗaya ya samu tafinta a goshi, mai begila ya firgita ya busa abin da ba a taɓa ji ba, gardawa biyu suka kwanta a ƙasa suna zaton hari ne. Rigar ta tsage a baya tun daga wuya har ƙasa. Guntun roba ya yi sama ya sauko a kan sabuwar malafar Alfari.

Sai dariya ta ɓarke a filin, har da masu faɗuwa.

"Ya fita!" Alfari ya yi ihu. "Jama'a, kun ji ƙarar? Kitsen ne ya fita! Na faɗa muku rana ɗaya zai..."

"Namu fa, ɗan banza?" Muryar Barira ce. Matan suka fito da abin da ke bayansu, muciyoyi da taɓare. "Ina wuyana? Shekara uku ina tara shi! Gobe da mi zan shiga fili?"

"Inna Barira, a zaune kika sha kuwa?"

"Yau kai za ka sha a kwance!"

Alfari ya duba gabas, mata. Ya duba yamma, gardawa. Sai ya ruga ya laɓe a bayan kawunsa.

Ni fa ban yi dariya ba, don ina kallon Hamani. Bai motsa ba. Yana nan tsaye ƙyam, hannu a goshi yana sara wa tuta, riga a buɗe gaba da baya, ciki a waje, hawaye na gangarowa kan kumatunsa. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya cika ni. Na ratsa jama'a na je bayansa.

"Hamani, ba almakashina ya taɓa ta ba. Ka yarda in sa allura?"

Bai juyo ba. Ya ce a hankali, "Sa, Jibo."

Na damƙi kunnen Alfari. "Kai wakilin ƙasar Dendi, durƙusa. Riƙe nan da nan. In ka saki, ni da kaina zan miƙa ka ga Barira."

Kumandan, wanda ya ɗauki hularsa yana goge caɓi, ya ga abin da ake ciki. Mutumin yana da kirki a ranar, sai ya juya ya sake wani jawabin tun daga farko, tafinta na dafe da goshi yana maida shi harshe biyu. Ni kuwa na zaro ƙyallena na yi ɗinkin da ban taɓa yi da sauri irinsa ba, Alfari na durƙushe cikin caɓi yana riƙe da gefen riga, mata sun kewaye mu suna jira.

Ana cikin haka sai na ga mutane sun daina dariya sun sunkuya suna tona caɓi. Tsohon masuncin nan ya kawo maɓalli ɗaya. Tafinta ya kawo wanda ya buge shi. Zeinabu ta ajiye taɓaryarta ta kawo na uku. Na huɗu sai da mai begila ya girgiza begilarsa ya faɗo. Na ɗinka su ɗaya bayan ɗaya. Na biyar, na kan cibiya, aka yi neman duniya ba a gan shi ba.

Rigar ta rufe lafiya lau, har da sararin numfashi. Sarjan ya sauke hannu ya ɓalla su da kansa, wannan karon da murya, duk fili na ji: "Alasan. Mahamadu. Yakuba. Sha'aibu." Ya kai yatsa inda na biyar yake, ya tarar da zare kawai.

Na ce, "Yi haƙuri, Hamani. Gobe zan nemo wani."

"Bar shi, Jibo. Wanga nawa ne. Ni ai ga ni nan."

Kumandan ya maƙala masa lamba, mai begila ya busa daidai, Hajo ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe.

Saura Alfari. Sarjan ya hana a taɓa shi da muciya, ya ce ɗan ƙanwarsa ne, shi zai yi hukunci. Ya sa aka tattaro duk ganyen da ya rage a gidajen mata, har na Tunuga, aka tara a akwatin. Ya ce tun da wakili ya fi kowa sanin darajar kayansa, shi zai shanye su, safe da yamma, ba madara ba sukari, kuma Barira ce za ta riƙa dafawa. Alfari ya tambaya a tsaye ko a zaune. Barira ta ce ya zaɓa.

An ɗage hangandi zuwa bayan kaka, Barira ta maido wuyanta da dambu ta sake cinyewa. Sarjan kuwa, da ya daina shan sukari ƙwaya goma sha biyu a yini, ya koma zuwa gonarsa ta bakin kogi da ƙafa, kilo shidan farko suka tafi ba wanda ya ji ƙararsu. Rigar tana nan da ƙyallena a baya da maɓalli huɗu, bai yarda an sa na biyar ba har ya bar duniya.

Bayan wata ɗaya da sallar, sai ga Alfari a rumfata, ya rame har tabarau na zamewa daga hancinsa, hannu ɗaya riƙe da wando kada ya faɗi. Ya ce in rage masa ƙugu. Ina cikin awo, ya juya ga masu zaman rumfa ya buɗe hannu ɗayan.

"To, masu gardama, ku dube ni da kyau. Shina aiki ko ba shi aiki?"

Tsohon masuncin ya dube shi sama da ƙasa, ya girgiza kai.

"Allah sarki, bawan Allah," in ji shi. "Iyalinka sun kai ƙara?"